Kishtar Ustaz Wagdi

Ni dai ban taɓa ganin mutumin da gaskiya ta yi wa illa kamar Ustaz Wagdi ba. Kuma kada ku ɗauka waliyyi ne, ƙaryar ce kawai bai iya ba, ya gwada har shekara shida ta ƙi zama a bakinsa. Sunana Inayat, ɗinki nake yi kafin idanuna su ƙi. Shekara arba'in da ɗaya ƙofata na kallon tasa a hawa na huɗu, a wani tsohon bene da ke unguwar Muharram Bek a nan Iskandariya, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba.

Ustaz ɗin a nan lakabin girmamawa ne kawai, aikinsa duba tikiti a tiram, jirgin ƙasan cikin gari. Shekara talatin da biyar yana hawa a wannan tasha ya sauka a waccan, da hula a kai da ɗan ƙarfen huda tikiti a hannu, yana farautar masu shiga a ɓagas. Ba ya jin magiya ko ta wa. Matar da ta ce tikitinta ya faɗa cikin kwandon kifi, tsayawa yake a kanta har sai ta zazzage kifin a ƙasa. Ranar da ya kama surukarsa, uwar matarsa, babu tikiti, a gaban jama'a ya sauke ta a tashar Raml, sannan ya dawo gida da yamma yana tambayar me ya sa ba a ɗora tukunya ba. Wata uku Tahani matarsa ba ta yi masa magana ba sai ta bakina. Takan leƙo ta ce, "Inayat, ki gaya wa hukuma shayinsa ya huce." Shi kuwa har ya tsufa yana ba da labarin nan a gidan gahawa kamar wanda ya ci yaƙi.

Shukar da zan ba ku labarinta ma ba tasa ba ce da farko. Tahani ce ta kawo ta daga gidan gwaggonta a shekarar da ta haifi Maisa, 'yarsu ɗaya tilo, ɗan reshe mai ganye biyu a cikin gwangwanin man shanu. Kishta ce, irin wadda ba a rasawa a falon gidajen garin nan, mai ganye kamar faifai, a tsattsage kamar an bi shi da almakashi. Tahani ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. In ta tuna ta juye mata ragowar shayi, in ta manta shi ke nan, kuma shukar ba ta mutu ba.

Sai aka yi wa Ustaz ritaya. Mutumin da ya saba tsare bayin Allah da ido ya wayi gari ba wanda zai tsare, sai ya faɗa wa shukar. Cikin mako guda ya kafa dokoki. Ba a ba ta ruwa sai ya cusa yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu ya ji ta bushe. Ba a buɗe murfin taga gaba ɗaya, don rana tana ƙona ganye, kuma ba a rufewa ruf, don in ba haske sababbin ganye ba sa tsagewa, a dunƙule suke fitowa kamar na gwaza. Ya samo sanda ya naɗe ta da zaren dabino ya kafa mata ta hau. Kowace safiya yana bin ganye ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi yana gogewa, sama da ƙasa. Ranar da ya kama Tahani da kofin shayi a kan tukunyar, har daga ɗakina na ji ihunsa, na fito da gudu na zaci gobara ce.

Baƙo kuwa in ya shigo falon nan ya shiga uku. Kafin a kawo masa ruwa sai ya ji yawan tsagar da ke jikin kowane ganye da watan da ya buɗe. In ya kuskura ya miƙa hannu zai taɓa, sai ya ji, "Da ido ake kallo, ya ustaz, da ido."

Na taɓa ce masa, "Ustaz, da ka yi wa 'yan Adam rabin tausayin da kake yi wa ciyawar nan, da yanzu an sa wa titi sunanka."

Ya ce, "Sitt Inayat, ita ba ta taɓa ce mini tikitinta ya faɗi ba."

Shekara bakwai ke nan da Tahani ta rasu. Ciwon bai daɗe ba, kwana goma sha ɗaya, kuma a kan gadonta ta cika, hannunta a cikin nawa. Ni na yi rashin ƙawa, kuma har yau in na soya kifi sai na ji kamar in ƙwanƙwasa mata. Shi kuwa bai yi kuka a gaban kowa ba. Ranar da aka yi addu'ar arba'in, mutane na watsewa ya jawo ƙofar ɗakin ya rufe da duk abin da ke ciki, ya koma kwana a kujerar falo. Gidan dama ɗaki ɗaya ne da falo, sai kicin da banɗaki. Wata biyu a haka ya rame kamar tsinke, har Maisa ta zo ta tattara shi ta kai shi gidanta a Sidi Bishr, inda akwai na'urar hawa bene. Abin da aka gaya wa mutane shi ne gwiwarsa ce ba ta iya hawa huɗu. Gwiwa ta ci sunan dai, amma ni na san kwana shi kaɗai a gidan ne ba ya iyawa.

To a nan matsalar take. Gidajenmu na tsohuwar haya ne. Abin da mahaifin Ustaz ya yi yarjejeniya a kai da kakan mai benen, shi ake biya har yau, abin da bai kai na farantin wake biyu ba, kuma muddin kana zaune a ciki ba mai fitar da kai. Amma in aka tabbatar ka bar gida ka koma wani wuri, kotu na iya miƙa wa mai shi makullinsa. Mai benen namu kuwa yanzu Hagg Dusuki ne, jikan wancan, dillalin kifi a Anfushi, ya je Makka sau uku kuma ba ya bari a manta. In ya haɗu da ni a matakala ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Sitt Inayat," ina ganin idonsa yana auna sauran kwanana. A cikin ɗakin nan da aka rufe aka haifi Ustaz Wagdi, a ciki aka kawo masa amarya. In gidan ya tafi, ba shi da ko taku ɗaya a duniya da zai ce nasa ne, sai gado a ɗakin jikoki, a ƙarƙashin surukinsa, mijin Maisa, wanda ba ya ɓoye cewa ya gaji.

Saboda haka Ustaz ya yanke shawarar zai yi ƙarya. Wayyo, da kun ga ƙaryar!

Kowace Asabar da Talata zai hau tiram ya zo, ya haye hawa huɗun nan da gwiwar da aka ce ta mutu, ya riga mai kawo tulun gas isowa sama. Zai ɗauko kayan barcinsa masu ratsi, ya tsoma a ruwa, ya shanya a baranda don a ga ana wanki. Kaya ɗaya ne, ba a taɓa sa su ba tun rasuwar, rana ta cinye ratsin har suka koma fari. Sannan ya zura kwando da igiya zuwa ga mai burodi na ƙasa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, "Biyar, kamar kullum!" Mai burodin, wani shaƙiyyi, sai ya ɗago kai ya ce, "Kullum ɗin Talata ko kullum ɗin Asabar, Ustaz?" Burodin ni ake bar wa, har na rasa yadda zan yi da shi na fara kai wa masu kaji. In zai tafi ya kunna rediyo ya bari, ni zan shiga da makullin ajiya in kashe. Duk wannan a gaban Hagg Dusuki ake yi, yana zaune a gidan gahawar tsallaken titi da bututun shisha a baki. Wata rana Ustaz na fitowa ya ɗaga masa hannu ya ce, "Kifi na ganinka mai jar koma." Ustaz ya hau sama ya tambaye ni wai me Hagg yake nufi.

Amma babbar hujjarsa shukar ce. Yakan buga ƙirji ya ce, "Gidan da ba kowa, shuka za ta rayu a ciki? Duk alƙalin da ya ga kishtar nan ya san akwai mai gida." Da wannan ya samu dalilin zuba mata duk abin da ya rage masa na rai. Sa'a uku yake yi a kanta kowane zuwa.

Ita kuwa ta samu abin da take so. Ba mai gogar ta in zai wuce, ba hayaƙin girki, ga damshin teku na shigowa ta tagar da aka bari rabi a buɗe. Sai ta haukace. Tukunya ta yi mata kaɗan aka mayar da ita rabin ganga. Sanda ta ƙare ta kama bango. Tana tsaye ne dab da ƙofar ɗakin kwana, taga kuma na ɗaya gefen, sai karanta mai kaurin hannuna ya ratsa ta gaban ƙofar a karkace yana neman haske. Daga jikin karan saiwoyi suka riƙa saukowa kamar igiyoyi, wasu suka manne da katakon ƙofar, wasu suka kama bango, wasu suka sauka har ƙasa suka kutsa ta ƙarƙashin ƙofar suka shige ɗakin. Allah kaɗai ya san me suke nema a ciki.

Tun a shekara ta biyu na ce masa, "Ustaz, ka juya abar nan, tana ɗinke maka ƙofa." Ya ce saiwar iska ba a taɓa ta, da ita take numfashi, kuma mai ɗinki ta tsaya a kan ɗinkinta. Na ƙyale shi, ba don ya fi ni gaskiya ba. Na lura daɗi yake ji wani ne ya rufe ƙofar ba shi ba.

Hagg Dusuki ya kai ƙara. Aka yi ta ɗagawa, yau lauya ba lafiya, gobe takarda ta ɓata, har shekara biyu. Daga ƙarshe kotu ta ce za ta aiko jami'inta ranar Alhamis ya ga gidan da idonsa, ko ana zaune ko ba a zaune. Maisa ta ɗauko lauya, wani Ustaz Lam'i mai ƙamshin turare da yawan magana, ya tsara mana komai. A kawo tufafi a rataye, a jera silifa a bakin ƙofa, a ɗora miya a wuta. Ni kuma zan ce kullum ina jin tarinsa ta bango. Ni, mai shekara saba'in da ɗaya, na yarda zan yi ƙarya a gaban hukuma. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, don na san in Hagg ya gama da wancan gidan kaina zai juyo. Kuma gaskiya ba na son in buɗe ƙofata in ga baƙuwar fuska. Mutumin ya ishe ni, amma shi ne ya rage mini daga cikin waɗanda suka san ni da baƙin gashi.

Ranar Laraba da la'asar muka taru muna shiri. Maisa ta tsaya a gaban ƙofar ɗakin ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Baba, wannan fa? Jami'i zai ce a buɗe ɗakin kwana. Me za mu ce?"

Na koma gida na ɗauko babban almakashina na yanka yadi, na miƙa masa. Na ce, "Ungo. Ka yanke karan nan gida biyu, ka tsige saiwoyin. Kai da bakinka ka ce abar nan ko gutsure aka jefa a ruwa tsirowa take. Ba mutuwa za ta yi ba."

Ya karɓa. Ya je ya tsaya a gaban karan, ya buɗe bakin almakashin ya ɗora. Muka zuba ido. Ya sauke, ya gyara tabarau, ya sake ɗorawa a wani wuri. Can sai ya nuna mana wani sabon ganye a saman, yana naɗe kamar tabarma, launinsa bai ko nuna ba.

Ya ce, "Yana buɗewa. In na yanke yanzu zai mutu a naɗe. A bar shi kwana goma."

Maisa ta ce, "Baba, gobe ne! Gida ko ganye?"

"Zan ce a kujera nake kwana."

"Shekara shida a kujera? Kayanka fa? Bargonka fa? Kai da ko sannu ba ka iya faɗa ba in ba ka nufa ba?"

Raina ya ɓaci. Na fizge almakashin na ce ni zan yi, in ya so ya kai ni ƙara. Wallahi tsohon nan ya sha gabana ya ware hannuwa kamar mai tare akuya. Na ce, "Matsa, Wagdi." Ban taɓa kiran sunansa ba Ustaz ba sai ranar.

Ya ce, "Sai dai ki fara da ni." Sannan muryarsa ta yi ƙasa. "In na yanke sai na buɗe. In na buɗe sai na shiga. Tabaran Tahani na kan matashi, Sitt Inayat. Ni na ajiye."

Maisa ta juya ta shige kicin, muna jin ta tana jan hanci. Ni kuma na tsaya da almakashi a hannu kamar wawuya. Na mayar da shi aljihun rigata na je na duba miya.

Alhamis da hantsi suka zo. Jami'in ashe mace ce, Madam Sausan, 'yar kimanin shekara hamsin, da jaka cike da takardu da fuskar wadda ta ga ƙarya iri-iri. Bayanta Hagg Dusuki da carbi, yana haki saboda matakala. Miyar wake na tafasa, silifa a jere, Ustaz na zaune a kujera da jarida, sanye da kayan barcin nan da rana ta cinye, sun yi masa yawa. Komai ya tafi daidai har ta ɗaga kai.

Ta ce, "Masha Allah! Masha Allah, wannan kishta ce?"

Na ga ƙirjin Ustaz ya taso. Nan take na san mun mutu.

Ta ajiye jakar ta matsa kusa. Ta ce ita ma tana da guda a gida, shekara huɗu, amma ganyenta sai rawaya yake yi, kuma ko ɗaya bai taɓa tsagewa ba. Ustaz ya ninke jarida ya miƙe. Ba a gaban kotu yake ba yanzu, ya samu mai laifi.

Ya ce, "A ina kika ajiye ta?"

"A lungun falo, bayan talabijin."

"A duhu ke nan. Sau nawa kike ba ta ruwa?"

"Kullum da safe."

"Kullum! La haula. Madam, kisa kike yi. Saiwar ruɓewa take. Ni sau biyu nake zuwa a mako, kuma ba kowane zuwa nake ba ta ba, sai na sa yatsa."

Ta ce, "Zuwa?"

Maisa ta kama tarin da ni aka ce in ba da labarinsa. Na yi caraf na ce, "Zuwa wurin shukar yake nufi, Madam. Daga kujera." Ta dube ni ta saman tabarau. Wataƙila da a nan aka tsaya da mun sha. Amma ta juya ga ƙofar, ta bi saiwoyin da ido tun daga sama har inda suka shige ƙasa, ta ce, "Wannan ne ɗakin kwana? Yaushe rabon a buɗe shi?"

Sai lauyanmu, wanda aka ɗauko don ya cece mu, ya yi murmushi ya gyara wuyan riga. Ya ce, "Madam, kada wannan ya ruɗe ki. Irin shukar nan ciyawa ce, kamar kabewa take yaɗo. Cikin wata biyu take yin haka. Ustaz ya ɗan koma falo ne saboda zafi."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba.

Ya ce, "Kabewa?"

Maisa ta ce, "Baba."

"Wata biyu? Kai ka taɓa raya ko albasa?" Ya kama hannun Madam Sausan ya ja ta gaban ƙofar, shi da ba ya bari a matso. "Dubi nan. Wannan saiwar shekara biyu ta yi kafin ta taɓa ƙasa. Wannan mai kaurin shekararta huɗu, dubi yadda ta yi ɓawo. Wannan kuwa ita ce ta fari, ta shiga ƙarƙashin ƙofar nan shekara shida da suka wuce, a watan azumi, kuma tun daga ranar ba hannun da ya taɓa ƙofar nan, ko nawa. Wata biyu! Ki rubuta, Madam, shekara shida."

Ta rubuta. Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa ganin wanda ya riƙe wa mahauci wuƙa ya nuna masa gaɓa ba sai ranar. Ina kallon Ustaz lokacin da abin da ya faɗa ya iso kunnensa. Hannunsa na kan saiwar, ya tsaya a haka.

Madam Sausan ta rufe alƙalami. A hankali ta ce, "Ustaz, a ina kake kwana?"

Ya dubi kujerar, ya dubi 'yarsa, ya dube ni. Na girgiza masa kai har wuyana ya yi ƙara.

Ya ce, "Sidi Bishr."

Hagg Dusuki ya ce, "Allahu akbar, gaskiya dokin ƙarfe," ya matso zai sumbaci goshinsa, wai zai aiko masa da kifi. Ni kuwa ƙaryar da na kwana uku ina gogewa ba wanda ya ko tambaye ni. Da Madam Sausan za ta fita, Ustaz ya bi ta har matakala da kayan barci, na ce ko roƙo zai yi. Ashe cewa yake ta matsar da tata kusa da taga, kuma ta daina ba ta ruwa har mako biyu.

Wata huɗu bayan nan aka yanke hukunci. Ustaz ya miƙa makulli. Shukar kuwa ba ta fita ta ƙofa, ba ta fita ta baranda, kuma surukin ya ce ko ganye ɗaya aka kawo masa gida sai dai a zaɓa, shi ko ita. Hagg ya ba wani likitan haƙori gidan. Likitan na shigowa ya ga bangon nan kore shar, ya ce kada wanda ya taɓa, marasa lafiya za su ji sanyi a rai. Aka kira magina suka fasa sabuwar ƙofa a gefe, aka bar tsohuwar a ɗinke. Ta sabuwar ƙofar ni da Maisa muka fito da kayan Tahani. Ƙura ta yi tudu a kan komai, saiwoyin sun bi ƙasa sun naɗe ƙafar gado. Tabaran na kan matashi kamar yadda Ustaz ya ce. Shi bai zo ba ranar, kuma ban ga laifinsa ba.

Falon ya zama ɗakin jira, da kujerun roba da wata ma'aikaciya mai raba lamba. Ba a yi mako biyu da buɗewa ba na leƙa na ga Ustaz Wagdi a zaune cikin masu kumburin kumatu, da lamba a hannu da tsumma a aljihu. In ma'aikaciyar ta juya baya sai ya miƙe ya goge ganye biyu, ya cusa yatsa a ganga. In an kira lambarsa ya ce na bayansa ya shiga, shi ba ya sauri. A falon da ya koyi tafiya yake karɓar lamba don ya zauna. Na koma ɗakina na rufe ƙofa na yi kuka, sannan na zage shi son raina.

Wata guda yana haka kafin likitan ya fito da kansa ya ce, "Baba, yau kam sai na duba ka. Buɗe baki." Ya buɗe. Ba haƙori ko ɗaya, sama da ƙasa, sai na roba. Likitan ya ce cikin ladabi wurin nan na marasa lafiya ne da masu rako su, kuma an gaya masa ana taɓa masa shuka.

Da yammar ranar aka ƙwanƙwasa mini. Na buɗe na gan shi tsaye, hula a hannu, ya tsufa fiye da yadda na san shi.

Ya ce, "Sitt Inayat, yarinyar nan ruwa take ba ta kullum. Ganye biyu sun fara rawaya." Ya juya hular a hannunsa. "Na ce ko akwai haƙorin da ke damunki. Sai in raka ki."

Na ce, "Kai dai Allah ya isa tsakanina da kai. Ka ba da gidanka saboda ganye, yanzu kuma bakina kake so ka bayar?"

Ya tsaya kawai.

Na ɗauko mayafina. An cike mini biyu zuwa yanzu, an cire ɗaya da likitan ya ce dama ba shi da amfani, kuma ina jan kowane aiki zuwa zama uku ko huɗu, in ce yau jinina ya hau, gobe in ce ina jin tsoro. Ina ciki baki buɗe, ƙarfe na ƙara a kaina, shi yana waje yana goge ganye. Haƙora goma sha ɗaya suka rage mini. In muka yi tattali za su kai mu baɗi.